Alhaji a Cikin Malam, Malam a Cikin Alhaji

Buhu ɗari uku ne na waken suya a cikin tirela ɗaya, tirelar kuma tana tsaye a bakin ƙofar wani kamfanin matsar mai, nesa da gida, an lulluɓe ta da tamfol. Ɗari da arba'in na saya a ƙauyukan Faskari, casa'in a wajen Kankara, saba'in daga Sabuwa. Duk abin da na mallaka a kakar nan yana ƙarƙashin wannan tamfol. Kamfanin ya ce ba za a ɗora motar a kan sikeli ba sai fayil ɗina ya shiga na'urarsu, in kuma Juma'a ta wuce bai shiga ba, za su ba wani layina. Wanda ya taɓa dawo da tirela cike ya san abin da ke jiransa. Tun kafin ka sauko daga mota 'yan kasuwa sun rage maka farashi, kuma da fara'a za su yi maka barka da zuwa.

Da tiya na fara sana'a, ina auna wa mata dawa a kasuwar ƙauye. Daga nan na koma buhu, daga buhu na koma mota. A duk tsawon wannan lokaci abin da mai saye yake tambayata bai wuce biyu ba: ya bushe, kuma babu yashi? Sai wannan kamfani ya zo da sabon salo. Suna son sanin kowane buhu daga wace gona ya fito, gonar ta wace ce ko ta wane ne, shi mai gonar a gandun wa yake, haka har a kai ga maigida, sannan ƙauye, sannan ƙaramar hukuma. Suka ce masu saye a wajensu ne suke tambaya. Ban yi musu ba, tunda farashinsu ya fi na kowa. Abin da na yi kawai, duk wanda ya kawo mani wake, bayan na auna sai in ƙara masa tambaya ɗaya: wa ke samanka a gida? In ya faɗa, in rubuta a jadawalin da ke cikin wayata. In ya ce shi ne maigida, in bar gurbin babu komai.

Sai da mota ta kama hanya sannan na fahimci jadawalina ba shi suke so ba. Wani abu suke so wai shi XML. Na tambayi masu shagon kwamfuta a Faskari, ɗaya ya ce ya san shi amma na'urarsa ba ta da shi, ɗayan ya tambaye ni ko mai kala nake so ko baƙi da fari. Daga nan na wuce Kankara.

Ina da taubashiya a can, 'yar kawuna, malama ce mai koyar da kwamfuta a wata sakandare. Ta girme ni da kaɗan, kuma tun muna yara ba ta taɓa barin in manta cewa ita ɗiyar namiji ce, ni ɗan mace ba. Na same ta a tsakar gida tana duba takardun jarrabawa.

"Bawana ya zo," ta ce, ko kai ba ta ɗaga ba. "Halan kasuwa ta ƙi, tunda aka tuna da mu."

"Uwar ɗakina, kasuwa lahiya lau. Zumunci ne ya kawo ni."

"Zumuncin da ya zo hannu biyu babu ko tiyar gero? Hwaɗi abin da ke tahe da kai."

Na faɗa mata. Ta karanta takardar ƙa'idojin kamfanin a wayata, ta ɗauko laftof ɗinta, ta ce in matso in gani, don kada gobe in je majalisa in ce ni na yi.

Yadda ta bayyana mani, XML rubutu ne da ake saka abu a cikin abu. Kowane abu yana da alamar buɗewa da alamar rufewa. Ka buɗe ƙaramar hukuma, a cikinta ka buɗe ƙauye, a cikinsa ka buɗe gida, a cikinsa mutum, a cikinsa gona, a cikinta buhu. Sannan ka bi su da rufewa, wanda ka buɗe a ƙarshe shi za ka fara rufewa. In ka tsallake ɗaya, duk fayil ɗin ya lalace. Na ce ai wannan ƙullin kuɗin kakarmu ne, leda a cikin tsumma, tsumma a cikin lalita, lalita a bakin zane, ba ka ɗaure na waje sai ka gama da na ciki. Ta ce ba laifi, ashe ana samun ƙwaƙwalwa a ɓangaren mata ma wani lokaci.

Ta fara rubutu. Na zaci zan ga shafuka, sai na ga umarnin da ta rubuta duk bai wuce tafin hannu ba.

"Wannan ɗan abin ne zai yi mutane sama da ɗari?"

"Shi kaɗai. Duba. In aka ba shi mutum, ya buɗe mashi alama, ya jera gonakinshi, cikin kowace gona ya jera buhunanta. Sannan ya tambayi jadawalinka, wa ke ƙarƙashin wannan? Duk wanda ya samu, sai ya kira kanshi a kan wannan mutum, ya maimaita aikin. In ya zo kan wanda babu kowa ƙarƙashinshi, ya ruhe alama ya dawo baya."

"Ya kira kanshi?"

"Kamar kai in kana ba da labarin cinikinka. Labari ɗaya ne ke haihuwar wani, kuma duk kai ne a ciki."

Na tambaye ta daga ina zai fara. Ta ce daga waɗanda na bar gurbinsu babu komai, wato masu gidaje, tunda babu kowa a samansu.

Muka gwada da ƙauyen Mabai, sannan da duk jadawalin. Ta danna, kafin in gyara zama ya gama. Abin ya ba ni sha'awa, ba zan ɓoye ba. Rubutun ya sauko kamar matakalar bene, kowane ɗa ya ɗan shige dama fiye da ubansa, kowace gona ta shige fiye da mai ita, sannan alamomin rufewa suka dawo hagu ɗaya bayan ɗaya. Akwai wani gida a Sabuwa da ya fi kowane zurfi: tsoho, ɗansa, jikansa, sai matar jikan da 'yar gayaunarta mai buhu ɗaya, can ƙuryar dama. Mutanen da na sani a warwatse a kasuwa, ga su a jere kowa a inda ya dace. Na ce mata wannan ya fi takardar gado kyau.

Muka tura wa kamfani. Amsa ta dawo da jan rubutu. Na ce buhu ɗari uku ke cikin mota, fayil ya nuna ɗari biyu da sittin.

"Arba'in ka sayar a hanya," in ji Malama.

"Motar ko tsayawa ba ta yi ba."

"To kwamfuta ba ta cin wake."

Ana cikin haka direba ya bugo. Ya ce yana nan lafiya, masu gadi suna da kirki, akwai mai tuwo kusa da ƙofar wadda hannunta ke da albarka, kuma ya gaya mata komai a kaina yake. Na ce Allah ya ƙara lafiya, na kashe.

Muka bi sunaye. Ba buhu ne suka ɓace ɗai-ɗai ba, gida guda ne sukutum ya yi ɓatan dabo, wani babban gandu a Tafoki, da dattawansa biyu da 'ya'yansu da jikokinsu. Duk suna cikin jadawali, babu ko ɗaya a cikin fayil. Malama ta ce bari ta tilasta wa umarnin ya fara daga mutum na farko a gidan, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji, mu ga inda ya maƙale.

Bai maƙale ba. Ya buɗe Alhaji, ya jera gonakinsa, a cikinsa ya buɗe wani dattijon da ake kira Malam. A cikin Malam ya buɗe Alhaji. A cikin wannan Alhajin ya buɗe wani Malam ɗin. Matakalar ta yi dama, ta ci gaba da yin dama, ta fice daga allon, babu alamar rufewa ko ɗaya. Fankar laftof ta fara kuka kamar injin niƙa. Akwai ɗan lissafin buhu da Malama ta sa a gefe, ina kallo ya wuce dubu, ya wuce dubu goma.

"Kada ki tsayar da shi," na ce. "Ban taɓa yin arziki da sauri haka ba."

Da kansa ya tsaya, bayan ya shiga wajen hawa dubu, ya rubuta cewa zurfin ya yi masa yawa. Malama ta koma jadawalina, ta sa yatsa a kan layi biyu. A layin Alhaji, gurbin wanda ke sama, na rubuta Malam. A layin Malam na rubuta Alhaji. Shi ya sa da farko aka tsallake gidan, tunda babu wanda gurbinsa yake babu komai. Shi ya sa kuma da aka shiga aka kasa fita.

Ba kuskuren rubutu ba ne. Abin da suka gaya mani ke nan, kowanne a ranar da ya kawo wakensa, kuma da na tuna su sai na ga ba za su faɗi wani abu daban ba. Kakan Alhaji ya yi aure da tsufansa, aka haifi Malam a lokacin da Alhaji ya riga ya fara riƙe garmar shanu. Saboda haka Malam ƙanin mahaifin Alhaji ne, baffansa, amma Alhaji ya girme shi nesa ba kusa ba.

"Zaɓi ɗaya," in ji Malama. "In goge gurbin, an gama. Ko minti ba zai kai ba."

Na so in yi hakan. Amma a cikin takardar kamfanin akwai inda suka ce za su aika wa kowane shugaban gida saƙo a waya, su kuma bugo masa, su gaya masa an rubuta shi shugaba da mutum kaza a ƙarƙashinsa. Na san ƙauye. Irin wannan saƙo ba a karanta shi a ɗaki, a majalisa ake miƙa wa mai ido ya karanta da ƙarfi. Gidan nan kuwa duk shekara ni suke sayar wa, kuma inda suka sa gaba nan rabin unguwarsu ke bi. Tsira da tirela ɗaya in rasa Tafoki ba ciniki ba ne.

Washegari da hantsi na isa ƙofar gidansu. Na same su tare, kamar kullum, a kan tabarma ɗaya, kowanne ya ja jiki zuwa bakinta har rabinsa yana ƙasa, tsakiya babu kowa. A gefe akwai farar kujerar roba da wani ɗan gidan ya aiko da ita daga birni. Na sha ganinta, ban taɓa ganin mutum a kanta ba.

Bayan gaisuwa da tambayar iyali da shanu, na ce kamfani yana son sunan mutum ɗaya a matsayin shugaban gida.

"Ai ba abin tambaya ba ne," Alhaji ya ce. "Ga Baba nan."

"Alhaji, ka bari," in ji Malam. "Ɗan kasuwa, kada ka biye mashi. Mutumin da ya goya ni a bayanshi? Shi ya kai ni wurin wanzami, shi ya riƙe mani ƙahwa."

"Goyo ba ya goge jini. Uba ɗaya ya haihe ku da ubana. Ni in hau saman ƙanin ubana, in ce wa Allah me?"

"Shi ya nema mani aure."

"Aikena aka yi."

"Wa ya aike ka?"

"Kai, Baba, da bakinka."

Na bar su suka yi ta mayar wa juna, ina jin irin kukan da fankar nan ta yi. Da suka numfasa, na jawo abin da na san yana motsa mutane. Na ce kamfanin ya yi alkawarin ba kowane shugaban gida injin feshi da takalmin ruwa, kuma gaskiya ne, yana cikin takardar.

"Madalla," in ji Alhaji. "Baba ya daɗe yana son injin heshi."

"Takalmin zai hi dacewa da Alhaji, ƙahwarshi na ciwo da damina."

Sai na juya ta ɗaya gefen. Na ce akwai kuma nauyi. In aka samu yashi ko danshi a buhu ɗaya daga gidan, shugaban za a kira, sunansa za a rubuta da ja, shi zai sha kunya. A lissafina, kowanne zai ƙara tura wa ɗan'uwansa, in ya so in kama wanda ya fi rauni.

Alhaji ya gyara zama. "To in haka ne, rubuta ni. Ba za a kira Baba a ci mashi mutunci ina raye ba. Sa shi a ƙarƙashina."

"Ba za a yi ba," Malam ya ce. "Da hurhurarshi za a kira shi a yi mashi hwaɗa? Ni ne uba. Rubuta ni, ka sa Alhaji a ƙarƙashina."

Na buga wa Malama, na sa wayar a fili don kowa ya ji. Ta gaishe su da ladabi, Baba an wuni lahiya, Baba ya iyali, har na yi mamakin inda take ɓoye wannan muryar. Na ce mata an samu ci gaba, yanzu kowanne ya yarda shi ne a sama, ɗayan a ƙarƙashinsa.

"Bawana," ta ce, "wannan da na jiya duk abu ɗaya ne. Juya tabarmar kawai ka yi."

Ta kawo tata shawarar. Ta ce abu mafi sauƙi shi ne a rubuta su gida biyu, kowa shugaban nasa, da 'ya'yansa da gonakinsa. Malam ya sunkuyar da kai yana tsinkar zaren tabarma. Alhaji ya dube ni, ba wayar ba.

"Tun da kakana ya kahwa gidan nan ba a raba gandu ba," ya ce a hankali. "Hwari ya zo, ba a raba ba. Mata sun yi hwaɗa, ba a raba ba. Yau a kan wake za ka raba mu a takarda, a karanta a majalisa?"

Na ce Allah ya tsare, maganar malaman boko ce, ba ta san gida ba. Malama ta ba da haƙuri ta waya, kuma na ji a muryarta da gaske take. A lokacin na ga Tafoki tana zame mani daga hannu, ga kuma tirela.

Malam ne ya ɗago. "To a sa babana. Shi ne samanmu duka."

Fuskar Alhaji ta washe. "Shi ke nan. A sa marigayi."

Na ji daɗi ni ma, har na fara gyara hula. Sai Malama ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, waya za su buga mashi, sai ya amsa da bakinshi."

"Allah ya jiƙan shi," in ji Alhaji. "Ko da ranshi ba ya amsa sallama sai ya ga dama."

Aka kawo fura. Ta daɗe a gabanmu, domin kowanne yana tura wa ɗaya ludayi, har sai da na ɗauka na fara don kada ta tsinke. Direba ya sake bugowa, ya ce an fara kiran motocin da ke bayansa, kuma mai tuwo tana gaishe ni.

Alhaji ya matso kusa da wayar. "Ɗiyata, shi wannan shugaban, dole sai jinin gida?"

Malama ta duba takardar. Ta ce ba a faɗi haka ba. Abin da aka rubuta shi ne mutum mai rai, mai lambar waya, wanda zai amsa a madadin gidan a kan duk buhun da ya fito daga cikinsa.

Dattawan nan suka dubi juna. Na yi shekaru ina hulɗa da su, ban taɓa ganin sun cimma magana ba tare da ja-in-ja ba sai a wannan kallo.

"Ɗan kasuwa," in ji Malam, "wa ya auna waken nan?"

"Ni."

"Wa ya duba ko da yashi?"

"Ni."

"Wayarka kuma kullum da caji."

"To ai an gama," Alhaji ya ce. "Sa kanka. Ni ina ƙarƙashinka, Baba shina ƙarƙashinka, babu wanda ya hau wani."

Na yi lissafi nan take, kamar yadda na saba. Suna ne a cikin fayil. Nauyin yashi dama a kaina yake, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ga injin feshi a sama. Na ga ciniki ne wanda ba ni da abin asara a cikinsa, na amsa da sauri don kada su sake tunani. Na dai lura Alhaji ya aika a kira manyan 'ya'yan gidan da liman, na kuma lura an ce a shafa fatiha, abin da ban taɓa ganin an yi wa fayil ba. Suka kama ni hannu bibbiyu suka zaunar a kan farar kujerar. Na ɗauka karamci ne.

Malama ta gyara jadawalin muna kan waya. Ta danna, ta ce ya fito: ni a sama, su biyun a matakala ɗaya, kafaɗa da kafaɗa, kowanne da zuriyarsa a cikinsa, kowace alama ta rufe.

"Wa aka hwara rubutawa a cikinmu?" Alhaji ya tambaya.

"Baba, kwamfuta ce ke jerawa yadda ta ga dama, babu hannun kowa."

Suka ce in dai haka ne ba laifi.

Fayil ya shiga kafin azahar, da koren rubutu. Aka ɗora mota a kan sikeli ranar Alhamis. Saƙon kamfani ya shigo wayata yana taya ni murnar zama shugaban gida mai mutum goma sha tara a Tafoki, na nuna wa abokai a kasuwa, aka yi dariya, na manta da zancen.

Ba a jima ba Malam ya bugo mani da sassafe. "Maigida, an tashi lahiya? An samu ƙaruwa a gidanka. Namiji." Na yi masa barka. Ya ce suna ranar Talata, kuma ragunan Faskari sun fi na ƙauye ƙiba, tunda ina kusa. Na ce, Malam, ai wancan maganar takarda ce. Ya ce shi bai san takarda ba, fatiha ya sani, kuma liman yana nan da ransa. Na kai rago. A wurin sunan aka sa ni a gaba, aka miƙo mani goro in raba.

Daga nan abin ya zama jiki. Iska ta yaye rufin ɗakin baƙi, maigida aka kira. Jikoki biyu suka yi rigima a kan iyakar gayauna, aka ce su jira maigida ya zo ranar kasuwa. Maigari ya sa aikin gayya na gyaran hanya, aka tambayi gidan nan wa zai kawo abinci, dattawan biyu suka nuna hanyar Faskari da baki ɗaya. Duk abin da a da suke kwana suna tura wa juna, yanzu sun samu inda za su tura shi tare. Na lura duk sun yi ƙiba. Injin feshin ya zo, suka ce kayan gandu ne, a gandu zai zauna.

Da kaka ta zagayo na je sayen wake, na taya kamar yadda nake taya wa kowa, ƙasa kaɗan don a samu wurin hawa. Alhaji ya ce to, maigida ya fi kowa sanin abin da gidansa ke buƙata, duk yadda ya yanke daidai ne. Malam ya ce ai ba a ciniki da uba. Mutum goma sha tara suna tsaye suna kallona. Na biya farashin da ban taɓa biyan kowa ba.

Na koma wurin Malama na ce ta cire ni daga fayil ɗin bana. Ta ce ko minti ba zai kai ba, in gaya mata kawai wanda za ta sa a gurbin.

Ga yadda lissafin ya tsaya zuwa yau. A ɓangaren samu, tirela ta shiga, buhu ɗari uku cif, an cire mani uku na danshi, kuma ba daga Tafoki suka fito ba. Layina a kamfani yana nan. Gidan nan da maƙwabtansu ba sa sayar wa kowa sai ni, kuma ba na barin ƙauyen ba tare da ƙwaryar ƙwan zabi a mota ba. A ɓangaren fita, ragunan suna biyu, bandir ɗin kwano ɗaya, turmin atamfa na Malama wanda ta ce kalarsa irin zaɓin bayi ce, kuɗin tuwon direba, da ribar buhu arba'in da na daina gani duk shekara. Na haɗa na cire sau da yawa. Riba ce, amma siririya, kuma za ta ƙara sirancewa da rago ɗaya kafin damina, domin matar jikan Alhaji ta fara jan ƙafa da tsohon ciki.